Sadakar da Ba a Yi wa Godiya

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na rasa wanda zan yi wa ita, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili namu na marubuta, ko Allah Ya sa wani daga cikin 'yan'uwa ya fi ni hangen nesa. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya miƙa wa gurgu sadaka a ƙofar masallaci, alhali da an yi wani ɗan ƙoƙari a shekarun baya da wannan bawan Allah bai gurgunce ba, shin ya sauke nauyin da ke kansa ke nan, ko kuwa tsohon bashi ne yake biya kaɗan-kaɗan ba tare da ya sani ba?

Ruwa ba ya tsami banza. Kimanin shekara 15 da suka wuce na je suna wani ƙauye da ke cikin fadama, tsakanin Haɗeja da Auyo, gidan wani ɗan'uwan mai ɗakina. Bayan an raɗa suna an raba goro, sai aka shiga da ni cikin gida in yi wa mai jego barka, da yake ni na gida ne. Wata tsohuwa ta miƙo mini jaririn, zanen ya zame, sai na ga ƙafafunsa duka biyu sun murɗe sun juya ciki, tafin wannan yana kallon tafin waccan. Tsohuwar ta yi maza ta ja zane ta rufe. Ni kuma na yi abin da tarbiyya ta koya mini, wato na kawar da kai kamar ban gani ba, na ce Allah Ya raya, na ajiye ɗan abin da na zo da shi, na fita.

Yau yaron nan ya zama saurayi. A kan gefen ƙafa yake takawa, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, takalmi ba ya zama masa. Da kyar ya gama firamare, sakandare kuwa ta yi masa nisa, gona da su da kiwo duk sun fi ƙarfinsa. Duk Juma'a yakan biyo mota ya shigo Haɗeja ya zauna a sahun masu bara. In ya hango ni sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, barka da Juma'a." Ni ma in sunkuyar da nawa in sa hannu a aljihu. Na daɗe ina lissafa abin da nake ba shi cikin ayyukan alherina, har ranar da wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta gan mu tare. Da muka ɗan yi gaba sai ta ce, "Malam, ai irin wannan ƙafar ana gyara ta tun yaro yana jariri, ba ma sai an yi babbar tiyata ba." Tun daga ranar ban sake miƙa masa kuɗi da sakakkiyar zuciya ba.

Mece ce wannan lalura?

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai, domin kuwa yawancinmu duk mai ɗingishi gurgu muke ce masa, mu kuma ɗora wa shan inna. Murɗaɗɗiyar ƙafa daban take da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro bayan an haife shi lafiya, wadda kuma aka tabbatar an kawar da ainihin nau'inta daga Nijeriya da Afirka a 2020. Ita kuwa wannan, da ita ake haihuwar yaro. Jijiyoyin da ke bayan ƙafar da na cikinta ne suke gajarta su yi tauri tun yana ciki, sai su ja ƙafar ta juya ciki, ta kuma dubi ƙasa. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowane jarirai 1,000 akan sami kimanin ɗaya mai ita. Ta fi samun maza, kusan ninki biyu na mata, kuma kusan rabin masu ita ƙafa biyu take kamawa. Takan bi dangi wani lokaci. Abin da muke ji a bakin tsofaffi, wai uwar ce ta fita da tsakar rana tana da ciki, ko ta yi wa gurgu dariya, ba shi da tushe ko kaɗan, illa dai ya ƙara wa mai jego baƙin ciki a kan wanda take ciki.

Shekaru da dama, ko a ƙasashen Turawa, babbar tiyata ake yi wa irin waɗannan yara, a tsaga ƙafar a saki jijiyoyin. Ƙafar takan miƙe, amma in yaro ya girma sau da yawa sai ta sandare ta riƙa ciwo. Wanda ya sauya wannan al'amari wani likita ne mai suna Ignacio Ponseti, haifaffen ƙasar Sifaniya a 1914. Ya yi aikin jinyar sojoji a yaƙin basasar ƙasarsu, ya yi gudun hijira zuwa Faransa da Meziko, daga bisani ya zauna a Jami'ar Ayowa ta Amurka tun 1941. Shi ne ya lura cewa ƙashin jariri da jijiyoyinsa suna da taushi, suna karɓar lallashi. Bahaushe ya riga ya faɗa, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda ake yi. Ma'aikacin da aka horar zai ɗan murza ƙafar da hannu a hankali, ya karkato da ita kaɗan, sannan ya naɗa mata filasta, wanda mutanenmu ke kira siminti, tun daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara karkatowa, a sake naɗawa. Haka za a yi ta yi kamar sau 5 zuwa 8. Yawancin yara daga nan akan ɗan yanke musu agarar dunduniya, ƙaramin aiki na 'yan mintoci, a sa filastar ƙarshe ta yi mako 3, agarar ta haɗe da tsawon da ake so. To, daga nan ƙafa ta miƙe, amma aiki bai ƙare ba. Za a ba yaro wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, ya sa su awa 23 a kullum har wata 3, sannan ya riƙa kwana da su har ya kai shekara 4 ko 5. In an bi wannan ƙa'ida, fiye da 90 cikin 100 na yaran sukan tashi suna tafiya da gudu kamar kowa. In kuwa aka yi sakaci da takalmin, ƙafar takan koma gidan jiya.

Abin mamaki, Ponseti ya bayyana sakamakon aikinsa tun 1963, amma 'yan'uwansa likitoci ba su kula ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990, bayan ya fitar da littafi a 1996, iyayen yara kuma suka dinga yaɗa labarin a intanet. Ya rasu a 2009, kuma ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka ware a duniya domin tunawa da masu wannan lalura.

Da yake hanyar ba ta buƙatar manyan na'urori, sai masu aikin agaji suka ga ta dace da ƙasashe matalauta, inda mafi yawan yaran suke. A 1999 wasu likitoci biyu daga Kanada, Shafique Pirani da Norgrove Penny, suka fara koyar da ita a Yuganda, har ga ma'aikatan asibiti waɗanda ba likitoci ba. A can ne kuma wani mutumin Holan, Michiel Steenbeek, ya tsara takalmi mai araha da fata da ƙarfen da ake samu a kasuwa, irin abin da dukawanmu da masu waldarmu ba za su kasa ba in an koya musu awonsa. A 2010 aka kafa ƙungiyar MiracleFeet a Amurka, wadda ke tallafa wa asibitoci da horo da kayan aiki a ƙasashe da dama har da Nijeriya, a shekarar ce kuma ƙungiyar CURE ta buɗe asibitin yara a Yamai ta Jamhuriyar Nijar, inda ake gyara irin wannan ƙafa. Mu nan kusa, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano shi ne inda kowa ya sani.

Uzurorinmu guda uku

Ke nan magani akwai shi, kuma ba mai tsada ba ne. To me ya sa har yau ake zuba jarirai a sahun bara? Na tattauna da mutane da dama, na ga uzurorinmu ba su wuce uku ba, kuma kowannensu yana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa bai kamata a yi watsi da su da gatse ba.

Na farko shi ne ƙaddara. Za a ce haka Allah Ya halicce shi, wane ne kai da za ka gyara? Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma mun karanta a tarihi cewa lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Mu kanmu ai ba ma yin wannan hujja a sauran al'amura. Wanda ya faɗo daga kan kuka ya karye, maɗori ake kai shi, ba wanda ke cewa a bar ƙashin yadda ya faɗi. Manomin da tsuntsaye suka sauka wa a shinkafa, kwana yake yana kora. Ashe sai a kan jaririn da ba ya iya magana ne tawakkalinmu yake cika? Ina tsoron a wasu lokutan sunan ƙaddara muke laƙaba wa kunya da kasala.

Na biyu shi ne zargi. Za a ce me Bature yake nema da zai baro ƙasarsa ya kashe kuɗinsa a kan ɗan talakan Guri ko Kirikasamma? Wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, abin da ya jawo wasu yaran suka shanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai hankali ya kamata ya tambaya, wannan tsumma ne ko maciji? A nan ba a ɗura wa yaro wani abin da uwa ba ta sani ba. Filasta ce da takalmi, 'ya'yanmu ne da suka yi karatun jinya suke naɗawa, kuma uwa tana ganin ƙafar da idonta mako bayan mako. Gani ya kori ji. Hattara abu ne mai kyau, amma in ta kai ga a bar yaro ya nakasa don kada a cuce shi, to cutar da ake gudu ita aka yi.

Na uku shi ne rashi, kuma shi ne mafi ƙarfi. Ko da an ce filasta da takalmi kyauta ne, mota ba kyauta ba ce. Daga Haɗeja zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 200. Ka ɗauki matar da ke ƙauyen da in Kogin Haɗeja ya cika a watan Agusta da Satumba sai da kwalekwale ake fita, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, mijinta yana fama da shinkafar da ruwa ke neman cinyewa, ka ce mata ta je Kano ta dawo sau takwas da jariri a baya, filasta har cinya, kada kuma ta bari ta jiƙe. Bayan haka ta yi shekara huɗu tana ɗaura masa takalmi kowane dare, yana kuka, uwar miji tana cewa a cire wa yaro wannan mari. Duk wanda ya ce wannan abu ne mai sauƙi bai taɓa zama a ƙauye ba.

Darasin jinga

To amma a nan ne tambayata ta dawo. Idan rashi ne ya hana, ina sadakarmu take? Mu mutane ne masu bayarwa. Ba a yin Juma'a, ba a yin azumi, ba a yin rasuwa, sai an yi sadaka. Da za a tara abin da na miƙa wa yaron nan shekara da shekaru, ni kaɗai, da ya biya kuɗin motar uwarsa na waɗancan makonni har da saura. Kuɗin ya fita daga aljihuna ko ta yaya, sai dai ya fita a makare, a lokacin da ba zai iya sayen komai ba sai abincin rana ɗaya.

Mu mutanen Haɗeja bai kamata a koya mana wannan darasi ba, domin kogi ya riga ya koya mana. A 2020 da 2022, da ruwa ya taso wa gari, mun ga yadda matasa da dattawa suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa suna toshe inda ya ɓalle. Mun kuma ga ƙauyukan da ruwa ya ci, aka bi su daga baya da tabarmi da buhunan hatsi. Dukansu taimako ne, amma ba wanda zai ce daidai suke. Sai dai ka lura da wani abu: mai raba kayan agaji ana ɗaukar hotonsa, ana sa masa albarka. Wanda ya kwana a jinga kuwa, in aikinsa ya yi kyau, gari zai waye lafiya kamar ba abin da ya faru, ba wanda zai san gidan wa ya tsira saboda buhun wa.

A nawa ɗan nazarin, wannan shi ne asirin abin da ya sa muka fi son sadakar hannu da hannu. Tana da sauƙi, tana ƙarewa nan take, kuma tana zuwa da ladanta na duniya tun kafin na lahira: an ce maka Allah Ya saka, ka ji sanyi a ranka, ka wuce. Ɗaya sadakar kuwa doguwa ce, mai gajiyarwa, kuma in ta yi nasara sai ta shafe sawunta. Yaron da aka gyara wa ƙafa yana wata biyu zai tashi yana buga ƙwallo cikin 'yan'uwansa, ba mai nuna shi, shi kansa ba zai tuna ba. Ba zai taɓa tsayawa a ƙofar masallaci ya yi maka addu'a ba, domin ba abin da zai kai shi can sai salla. Ya kamata kowannenmu ya tambayi zuciyarsa, shin mabuƙacin nake so ya fita daga buƙata, ko kuwa na saba da ganinsa a wurin nan saboda ya zame mini hanyar neman lada mai sauƙi? Tambaya ce mai ɗaci, ni ma da na yi wa kaina ban ji daɗin amsar ba. Malamanmu kullum suna faɗa mana falalar sadakar ɓoye. Wace sadaka ce ta kai wannan ɓoyuwa, wadda wanda aka yi wa ma bai san an yi masa ba?

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a daina bai wa masu bara ba, domin yunwar yau ba ta jiran gyaran gobe. Ban kuma ce wanda ya riga ya nakasa ya ragu da komai a mutunci ba. Na san masu ɗingishi da suka fi masu gudu amfani ga jama'a, a cikinsu akwai malamai da teloli da 'yan kasuwa. Amma mutunta wanda abin ya riga ya sama daban, barin abin ya sami jariri alhali ana iya tarewa daban. Kada mu fake da na farko mu aikata na biyu.

Haka kuma kada mu miƙe ƙafa mu ce ai ƙungiyoyin waje suna yi. Sun yi abin a yaba, Allah Ya saka musu. Amma baƙo raɓa ne, tallafin da ya zo daga nesa yana iya tsayawa ranar da masu bayarwa suka gaji. Haƙƙin hukuma ne ta horar da ma'aikata ta kawo wannan aiki kusa da jama'a, yadda uwa ba sai ta ƙetare rabin jiha ba, haƙƙinmu ne kuma mu riƙa tambayar waɗanda muka zaɓa. Ban da haka ma, akwai abin da baƙo ba zai taɓa iya yi ba komai kuɗinsa. Ba ya zuwa suna. Ba shi ke wanke jariri ba, ungozoma ce. Ba shi ke aske gashin suna ba, wanzami ne. Ba zai iya zama da kakar yaro ya lallashe ta ta bar takalmin dare ba. Mai unguwa da liman da malamin makaranta da ƙungiyar matasan gari, su ne za su iya cewa mun ɗauki nauyin motar wance har a gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kira ga 'yan'uwa marubuta

Mu ma masu riƙe da alƙalami muna da namu kason laifin. Mu duba labaran da muke rubutawa: jarumi kullum dogo ne santalele, gurgu kuwa in ya fito, ko dai abin dariya ne, ko kuma mugu ne da alhaki ya kama a babin ƙarshe. Da hannunmu muke ƙarfafa tunanin cewa nakasa horo ce, shi ya sa tsohuwar nan ta ja zane ta rufe. Alhali littattafanmu suna shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya ba ya shiga, matan aure suna karantawa, ana kuma karanta wasu a rediyo har ƙauye ya ji. Shafi ɗaya tak, inda wata uwa ta ga ƙafar ɗanta a murɗe ta ƙi ɓoyewa, ta kai shi asibiti, ta jure shekarun takalmi, zai iya yin aikin da allunan talla ɗari ba su yi ba. Ba sai an mai da labari wa'azi ba. A cikin wannan gwagwarmaya akwai soyayya da kishi da surukuta da sadaukarwa, duk abin da marubuci ke nema.

Ni dai abin da ya wuce ya wuce mini. Kawaicin da na yi ranar sunan nan, na ɗauka ladabi ne, ashe da na san abin da na sani yau, kalma biyar ta isa. An ce mini ko wanda ya girma ana iya taimaka masa, sai dai aikin ya fi wuya, yakan kai ga tiyata, ƙafar kuma ba lallai ta zama kamar wadda aka gyara tun tana ɗanya ba. Na yi magana da mahaifinsa, mun shirya in an yi hutun makaranta zan raka shi Dala likitoci su duba. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari, duk sunan da na je daga yau, in zane ya zame na ga abin da na gani a wancan karo, ba zan kawar da kai ba, ko da za a ce Malam ya cika shisshigi.

Wanda yake da wata fahimta saɓanin tawa, filin nan namu ne duka, ina sauraro a fitowa ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa mu dace, amin.